Lissafin Tsadar Kaya Mataki-Mataki

Lissafin tsada mataki-mataki dabara ce ta akantocin masana'antun da ke fitar da kaya iri ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Ana tara kuɗin ɗanyen kaya, albashi da lantarki na kowane sashe, a raba da yawan abin da ya fito.

Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, irin wannan masana'anta ce, mai iya tace ganga 20,000 na man Agadem kullum. Litar fetur ɗinta da ɗan kabu-kabun garin Garagumsa zai sha ba ta da lissafin kanta, kaso take ɗauka daga kuɗin tacewa, ita da gazuwal da gas.

Kayan da ba su kammala ba kuwa ƙiyasi ake yi: ganga 100 masu rabin aiki suna zaman 50 kammalallu.