Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Kolukattai, Curin Shinkafar Mutanen Tamil

TAMBAYA: Wata mai sauraronmu daga Tudun Wadan Zariya ta rubuto tana cewa: "A finafinan kudancin Indiya da ake fassarawa da Hausa, sau da yawa nakan ga mata suna dunƙula wani abu fari da hannu, su jera a tukunya su turara kamar masu yin alala. Don Allah mene ne sunan wannan abinci, tun yaushe ake yinsa, kuma da me ake haɗa shi?"

AMSA: Abincin da kika gani shi ne mutanen Tamil ke kira kolukattai. Su dai Tamil al'umma ce da ke can ƙarshen kudu maso gabashin Indiya, a jihar Tamil Nadu, wadda ƙidayar 2011 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 72. Babban birninta shi ne Cennai, wanda har zuwa 1996 ake kiransa Madras. Akwai su kuma da yawa a arewaci da gabashin Siri Lanka, da Maleshiya, da Singafo.

Kolukattai iri biyu ne. Akwai na zaƙi, wanda ake cusa wa kwakwa da mazarƙwaila, wani lokaci da riɗi. Akwai kuma na gishiri da yaji, wanda ake haɗawa da wake da kayan lambu. Daga bayaninki, wannan na biyun kika gani, musamman wanda suke kira pidi kolukattai. Kalmar pidi a harshensu tana nufin damƙa, don kuwa da damƙar hannu ake curinsa, har ki ga sawun yatsun mai girkin a jikinsa.

Bari mu fara da ita shinkafar, tunda ita ce uwa. Noman shinkafa a ƙasar Tamil daɗaɗɗen abu ne ƙwarai. A 2021 gwamnatin jihar ta bayyana cewa an auna shekarun wata shinkafa da masu tonon kayan tarihi suka samu cikin wata randa ta binne mamata a Sibakalai, aka ga ta kai shekara ta 1155 kafin haihuwar Annabi Isa, watau sama da shekara dubu uku ke nan. Cibiyar noman kuwa ita ce fadamar kogin Kaberi, musamman ƙasar Tanjabur, wadda ake yi wa kirari da rumbun shinkafar Tamil Nadu. Wajen ƙarni na 2 Miladiyya, wani sarki na daular Cola mai suna Karikala ya gina madatsar ruwa ta duwatsu a kan wannan kogi, ana kiranta Kallanai, don a karkatar da ruwa zuwa gonaki. Turawan Ingila sun yi mata gyare-gyare a ƙarni na 19, kuma har gobe ana amfani da ita.

Tsofaffin waƙoƙin Tamil da ake kira adabin Sangam, waɗanda aka tsara tsakanin kimanin shekara 300 kafin Miladiyya zuwa 300 bayanta, cike suke da zancen shinkafa da abincin da ake yi da garinta. Wani masanin tarihin abinci ɗan Indiya, K. T. Acaya, wanda ya wallafa babban littafinsa kan abincin Indiya a 1994, ya nuna cewa tun a wancan zamani ana sayar da wani curin shinkafa mai zaƙi da ake kira modagam a titunan birnin Madurai. Shi ne ɗan'uwan kolukattai na kusa, har yanzu ma akan haɗa sunayen biyu a baki.

Maganar turarawa kuwa, nan ne masana suka ɗan yi ja-in-ja. Wani malamin addinin Buda daga ƙasar Sin, Shuwanzang, wanda ya zaga Indiya a ƙarni na 7, ya rubuta cewa bai ga mutanen ƙasar da tukunyar turara abinci ba. Kan haka ne Acaya ya yi hasashen cewa wainar nan tasu da ake turarawa, idli, mai yiwuwa ta samo siffarta ta yanzu daga Indunisiya tsakanin shekarun 800 da 1200. Amma shi kansa ya ja hankali cewa rashin tukunya ta musamman ba ya hana turarawa. Duk macen da ta taɓa ɗaure bakin tukunya da ƙyalle ta ɗora abinci a kai ta rufe, ta san wannan. Ke ma Malama, in babu madambaci a gida ai ba a fasa dambu.

Yanzu sai mu zo kan yaji. Zai ba ki mamaki ki ji cewa barkonon nan da Indiyawa suka shahara da shi baƙo ne a ƙasarsu. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo shi bayan Basko da Gama ya sauka a Kalikat a 1498. Kafin nan da baƙin masoro da citta ake yaji. Harshen Tamil kansa ya riƙe wannan tarihi: masoro sunansa milagu, da barkono ya zo sai suka raɗa masa milagai, watau ɗan itace mai yajin masoro. Saboda haka duk kolukattai mai barkono da kika gani, girkinsa bai wuce shekara ɗari biyar da 'yan kai ba.

Kayan lambun da ake sa masa yau sun fi barkono ƙuruciya. A kasuwannin Tamil Nadu akan raba kayan lambu gida biyu: na ƙasa, da kuma na Ingilishi. Na ƙasa su ne irin su gauta, da ɗanyar ayaba, da dangin kabewa, da zogale. Shi zogale ma sunan da Turawa da masana kimiyya ke kiransa da shi, moringa, daga kalmar Tamil ta murungai ya fito. Na Ingilishi kuwa su ne karas, da kabeji, da koren wake, da dankalin Turawa. Waɗannan sun yaɗu ne bayan wani jami'in mulkin mallaka, Jon Suliban, ya hau tsaunukan Nilgiri a 1819, ya kuma gina gida a Uti bayan 'yan shekaru. Wurin yana da tsawo sama da mita 2,000, sanyinsa ya dace da shuke-shuken Turai, sai aka shiga nomansu ana saukowa da su birane. Daga nan ne matan gida suka fara yanka karas da koren wake ƙanana-ƙanana suna zubawa cikin curinsu.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, a da ba kowa ke cin shinkafa kullum ba. Mutanen fadama da masu hali su ne masu shinkafa. Talakan da ke tudu, inda ruwa bai wadata ba, gero da dawa da tamba yake ci, shinkafa sai ranar biki. Shi kansa geron, wanda suke kira kambu, asalinsa nan yankinmu ne na Sahel. Akwai tsohuwar shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, kimanin shekara 4,500 da suka wuce, daga baya ya ƙetare teku zuwa Indiya. Shi ya sa akwai kolukattai na gero da na tamba.

Yadda shinkafa ta zama abincin kowa kuwa, labari ne na yaƙi da siyasa. Zamanin mulkin Ingila, lardin Madras yana sayen shinkafa mai yawa daga Bama. Da Jafan ta kama Bama a 1942, hanyar ta toshe, aka shiga raba abinci da kati. Bayan samun 'yancin kai ma ƙarancin bai gushe ba, har a tsakiyar shekarun 1960 mutane na tsayawa dogon layi don neman shinkafa. A zaɓen 1967, jam'iyyar DMK ƙarƙashin C. N. Annadurai ta yi alkawarin mudu uku a rufi ɗaya, ta kayar da jam'iyyar Kongires, wadda tun daga lokacin ba ta sake kafa gwamnati da kanta a jihar ba. A wannan tsakanin ne kuma aka shigo da sababbin iri masu yawan yabanya, irin su IR8 da aka fitar a Filifin a 1966. Daga nan farashin shinkafar gwamnati ya yi ta sauka: rufi biyu kilo a 2006, rufi ɗaya a 2008, sannan a 2011 gwamnatin Jayalalita ta mayar da kilo 20 kyauta a kowane wata ga masu katin abinci. Ita ce kuma ta raba wa mata injinan niƙa da na markaɗe kyauta. Shi injin markaɗen nan mai dutse, a garin Koyambatur aka ƙirƙiro shi a shekarun 1950, ya hutar da mata daga aikin dutsen niƙa. Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan ruwan Kaberi, wanda Tamil Nadu da maƙwabciyarta Karnataka suka fi shekara ɗari suna jayayya a kansa, har Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukuncin rabonsa a 2018.

Ta fuskar al'ada, kolukattai ya fi fitowa a bikin Binayaka Caturti, wanda mabiya addinin Hindu ke yi tsakanin Agusta da Satumba don abin bautarsu mai kan giwa, Ganesha, da Tamil ke kira Pillaiyar. A imaninsu wannan ne abincin da ya fi so, don haka a ranar akan yi na zaƙi da na gishiri tare. Akwai kuma wata ibada ta mata zalla da ake dangantawa da sunan Abbaiyar, tsohuwar mawaƙiyar Tamil. Mata kan taru da dare ranar Talata a wasu watanni na kalandarsu, su yi kolukattai marar gishiri su cinye, namiji ko yaro ba ya gani balle ya ɗanɗana. A arewacin Siri Lanka, idan jariri ya fara haƙori, akan yi wanda aka tsattsaga bakinsa kamar haƙora, a saki a hankali bisa kansa ana yi masa fatan haƙora masu ƙwari. Musulmin Tamil na bakin teku su ma suna da nasu curin shinkafa da kwakwa, takkadi, amma su cikin romon nama suke dafa shi. Tamil ɗin da aka ɗiba aikin ƙodago zuwa gonakin Turawa, kamar waɗanda suka fara sauka Durban ta Afirka ta Kudu a 1860, sun tafi da bukukuwansu da girke-girkensu.

To yaya ake yinsa? Ga yadda akasarin gidaje ke yin mai gishirin. A wanke ɗanyar shinkafa, a shanya ta sha iska, a ɓarza ta kamar tsaki, wasu kan haɗa da ɗan wake. A ɗora tukunya da man riɗi ko man kwakwa cokali biyu. In ya yi zafi a zuba ƙwayar mastad har ta fara tsalle, sai a sa wani ƙaramin baƙin wake da suke kira ulundu wanda aka cire wa ɓawo, da busasshen barkono, da ganyen kori, da ɗan wani ƙaro mai ƙarfin wari da suke kira perungayam, wanda a girkinsu yake ɗaga ɗanɗano kamar yadda daddawa ke yi a namu. Sai a zuba yankakken karas da koren wake, a ɗan juya. A kowane kofi ɗaya na tsakin shinkafa, ana sa ruwa kofi biyu zuwa biyu da rabi. A sa gishiri da gurzajjiyar kwakwa. Idan ruwan ya tafasa, a riƙa zuba tsakin ana tuƙawa har ya shanye ruwan ya haɗe kamar tuwo mai tauri.

Wannan tuƙin shi ne sirrin abin. Shinkafa ba ta da danƙo irin na alkama, in aka kwaɓa ta da ruwan sanyi wargajewa take yi. Tafasasshen ruwa ne ke sa sitacin da ke cikinta ya kumbura ya kama juna. Bayan an sauke ya ɗan huce, sai a shafa mai a tafin hannu, a ɗebo a damƙe. A jera a faranti mai huji ko a kan ganyen ayaba, a turara minti goma zuwa sha biyu. Alamar ya nuna ita ce ya yi sheƙi, kuma ba ya manne wa jiƙaƙƙen yatsa. In ya tsage, ruwa ya yi kaɗan. In ya yi caɓa, ruwa ya yi yawa. Ana ci da markaɗaɗɗiyar kwakwa mai yaji, ko da miyar wakensu mai tsamiya da ake kira sambar, da safe ko da la'asar.

Yanzu da ciwon sukari ya yawaita a kudancin Indiya, likitoci na shawartar mutane su rage farar shinkafa, sai ga shi geron da aka raina a da yana komawa tukunya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya. Don haka Malama, in kin tashi gwadawa, ko da tsakin shinkafa ko da garin gero, madambacinki ya isa, zogale kuma yana iya tsaya miki a madadin karas.