Daga Katsi zuwa Bola Jari: Tarihin Cinikin Kayan da Aka Sake Sarrafawa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wani irin ciniki da ya yi tashe a duniyar yau, watau saye da sayar da kayan da ake yi wa shaida da ɗayan abu uku: ko dai ba su ɓata muhalli, ko an ƙera su daga abin da aka riga aka yi amfani da shi, ko kuwa ba a zalunci wanda ya yi su ba. A Turai wannan shaida tambari ce da ake bugawa a jikin kaya. Jamus ta Yamma ta fito da tambarinta na kayan da ba su cutar da muhalli a 1978, sa'an nan a 1988 aka fara sayar da gahawar manoman Meziko a ƙasar Holan da tambarin Max Havelaar, wanda ke nuna an biya manomi farashi mai ma'ana. Mai saye yakan yarda ya biya fiye da kuɗin kasuwa saboda wannan tambari.

Abin da takardar ke son nunawa shi ne kasuwar Hausa ta daɗe da sanin sharaɗi na farko da na biyu, tun ba a raɗa musu suna ba, amma sharaɗi na uku, watau adalci ga mai aiki, shi ne wanda tarihinmu bai ba da kyakkyawar shaida a kansa ba. Za a duba wannan batu cikin zamani huɗu.

Zamanin marina da majema

Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar da birni wanda arzikinsa ya dogara a kan saƙa da rini da jima. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300. Turkuɗin Kura na zuwa wurin Buzaye, jar fatar akuyar Sakkwato kuwa tana ƙetare Sahara har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko.

Idan aka lura da yadda ake waɗannan sana'o'i, za a ga da ƙyar ake yar da wani abu. Marini yana haɗa ruwan karofinsa da baba da toka. Idan ruwan ya mutu, laka takan kwanta a gindin rijiyar, ita ce ake kira katsi. Akan kwashe ta, a shanya, a ƙone, a sake sa ta cikin sabon haɗi. Har wa yau da katsin nan ake yin laso, a gauraya shi da dafara da gashin da majemi ya kankare daga fata, a shafe rijiyar marina ko soro don kada ruwa ya ci su. Ke nan sharar marini da ta majemi ita ce kayan aikin magini. Majemi kansa da 'ya'yan bagaruwa yake jima, magini kuma yana samun makuba daga kwasfar ɗorawa.

Ita kanta jujin birni haja ce. Binciken da Michael Mortimore da J. Wilson suka buga a 1965 a kan karkarar da ke kewaye da Kano ya bayyana wata daɗaɗɗiyar al'ada: jakuna su shigo birni da itace, su koma ƙauye da mangala cike da taki, watau toka da kashin dabbobi da shara. Da wannan taki ne gonakin kewayen birni suka jure noma shekara da shekaru ba hutu. Tsofaffin tufafi su ma suna da kasuwarsu, a hannun dillalai maza cikin kasuwa da dillalai mata masu shiga gida gida.

To amma kada sha'awar wannan tsari ta rufe mana ido. Masana tarihi irin su Paul Lovejoy sun nuna cewa a ƙarni na 19 bayi ne ke noma wani babban kaso na audugar da babar da masana'antun nan ke ci, a rinji da gandayen sarakuna da attajirai. Dokar Turawa ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Saboda haka rigar da ta cika sharaɗin muhalli sarai tana iya zama wadda guminta na bawa ne.

Zamanin garwa da gwangwani

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe ƙofa ga kayan kanti masu yawa da araha. Atamfa da akoko suka takura masaƙa, shunin da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897 ya takura manoman baba. Sai dai kayan Turawa sun zo da wani abu da ba a yi tsammani ba, watau mazubinsu. Garwar kananzir, da ta ƙare, ta zama abin ɗaukar ruwa a kafaɗar 'yan garuwa, ta zama ma'aunin manja da man gyaɗa. Gwangwanin madara ya zama ma'aunin shinkafa a teburin 'yan koli, maƙerin fari kuma ya mai da shi fitilar aci-bal-bal da mazurari. Tsohon duro ya zama akwati da ƙyauren ƙofa da kaskon tuya. Tayar mota ta zama takalmi ga manomi da makiyayi, robar cikinta ta zama guga. A Bida, masagan Nufawa da a da suke narka yashi da kanwa su yi gilashinsu, suka koma narka kwalabe suna yin munduwa da duwatsun wuya, kamar yadda S. F. Nadel ya bayyana a littafinsa na 1942.

Abin lura a nan shi ne dalilin mai saye. Wanda ya sayi aci-bal-bal ya saye ta ne don fitilar ƙwai ta fi ƙarfin aljihunsa. Tattali da rashi su ne suka raya wannan kasuwa, shi ya sa kayanta suka zama alamar talauci, duk wanda hannunsa ya buɗe sai ya guje su.

Daga yalwar man fetur zuwa gwanjo

Shekarun 1970 sun tabbatar da haka. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa mutane rububin sabon kaya. Masana'antun Bompai da Sharaɗa suka cika kasuwa da bokiti da buta da takalman roba. Leda ta maye gurbin ganye da takardar da ake ƙunshe tsire da ƙosai, ƙwarya da faifai suka ja baya. Wannan ne karo na farko da juji ta cika da abin da ba ya ruɓewa, takin birni ya fara zuwa gona haɗe da leda, dabbobi suna ci tana toshe musu tumbi. Ruwan leda da ya bazu a shekarun 1990 ya ƙara tsananta lamarin.

Da tattalin arziki ya karye, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sai jama'a suka koma wa tsohon kaya. Gwanjon tufafi daga Turai da Amurka, wanda dokar Nijeriya ta hana shigowa da shi, ya riƙa ɓullowa ta Kwatano da kan iyakar Nijar, ya cika kasuwanni irin su Ƙofar Wambai. Kasuwar Panteka ta Kaduna da ta Katako a Yamai suka shahara wajen ƙera murhu da tukwane da kayan gyara daga tsofaffin ƙarafa. Gwanjo ya rufa wa talaka asiri, amma yana cikin abubuwan da suka raunana masaƙun Kaduna da Kano, tare da rashin wutar lantarki da kwararowar yadi daga Sin.

Bola jari da mizanin adalci

A yau gindin wannan ciniki yana kan 'yan bola jari, waɗanda ke bin juji suna tsintar ƙarfe da roba da kwalba, su kai wa 'yan gwangwan a auna a kan sikeli, daga nan a loda wa manyan motoci zuwa masana'antun narka ƙarfe da niƙa roba. Galibinsu samari ne, har da yara ƙanana, suna aiki ba safar hannu, ba takalmin kirki, cikin fasassun kwalabe da alluran asibiti, kuma su ne ke samun mafi ƙanƙantar rabo. Daɗin daɗawa, satar wayoyin lantarki da murafun kwalbati da wasu ɓata-gari ke yi ta shafa wa sana'ar baƙin jini, har gwamnatin Borno ta hana tsintar ƙarafa a 2023, hukumar Birnin Tarayya Abuja kuma ta ɗauki irin wannan mataki a 2025.

Mai saye shi ma ba kullum yake tsira ba. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen alminiyam da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe a Kamaru ya gano cewa dalma na iya fita daga jikinsu lokacin dafuwa. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta hallaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san wannan ba abin wasa ba ne. Ashe cewa an sake sarrafa kaya bai isa ya zama shaidar lafiyarsa ba.

Akwai misalin da ya kamata a yi nazari a kansa. Tun 1994 kamfanin The Body Shop ya fara sayen man kaɗanya kai tsaye daga ƙungiyar matan Tungteiya da ke kusa da Tamale a arewacin Gana. Abin da ya bambanta wannan ciniki shi ne mai saye ya san sunan masu yin kayan, su kuma a ƙungiyance suka yi ciniki. Wannan shi ne abin da majemin Sakkwato bai samu ba, lokacin da fatarsa ke ɗaukar sunan Maroko.

Kammalawa

Wannan taƙaitaccen tarihi ya nuna cewa Bahaushe ba baƙo ba ne ga dabarar mai da shara dukiya. Abin da ya rage shi ne a tambayi kowane kaya tambayar da kasuwarmu ba ta saba yi ba: wa ya yi shi, cikin wane hali, nawa kuma aka biya shi? Saboda haka takardar na ba da shawara uku. Na ɗaya, hukumomi su yi wa 'yan bola jari rajista cikin ƙungiyoyi, su hana sa yara, maimakon korar sana'ar baki ɗaya. Na biyu, a riƙa gwada tukwanen da ake zubawa a gida, a koya wa maƙera irin tarkacen da bai kamata su narka ba. Na uku, kwalejojin ilimi su tura ɗalibai su rubuta ilimin tsofaffin marina da majema da magina tun suna raye, domin Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, tsohuwar zumar nan kuwa tana gab da ƙarewa.