Ranar da aka tambayi 'yan ƙwadago ko a ci bashin IMF

Yau za mu koma shekarar 1985, lokacin da yawancinmu ko haifarmu ba a yi ba, amma abin da ya faru a lokacin har yanzu yana taɓa aljihunmu.

Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki ranar 27 ga Agusta, 1985. Ya tarar kuɗin mai ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, ga kuma tattaunawa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, kan rancen da ya haura dala biliyan 2. Asusun ya gindaya sharuɗɗa: a karya darajar naira, a janye tallafin man fetur, a buɗe kasuwa ga kayan waje. Sai Babangida ya yi abin da ba a saba gani ba a mulkin soja. Ya ce a fito a yi muhawara, 'yan ƙasa su faɗi ra'ayinsu.

Aka kuwa fito. Malaman jami'a, ɗalibai, 'yan kasuwa, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, ƙarƙashin Ali Ciroma, ta tsaya kai da fata cewa ba ta yarda ba. Hujjarta mai sauƙi ce: in naira ta faɗi, albashin ma'aikaci ne zai fara narkewa, kuma masaƙun Kaduna da Kano ba za su iya gogayya da kayan waje ba.

A watan Disamba na 1985 gwamnati ta sanar cewa ta ji, ba za a ci bashin ba. Aka yi ta murna.

To, a nan ne labarin ya juya. A 1986 litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi. A tsakiyar shekarar aka ƙaddamar da shirin SAP, wanda aka ce namu ne na gida, amma kusan duk sharuɗɗan nan na IMF suna ciki. A watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Dalar da a 1985 ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati, kafin 1986 ta ƙare ta haura naira uku. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Da NLC ta ci gaba da ƙorafi, a Fabrairun 1988 gwamnati ta fake da rikicin shugabanci da ya ɓarke a taron ƙungiyar a Benin, ta rushe shugabanninta, ta naɗa kantoma. A watan Mayun 1989 kuma ɗalibai da talakawa suka cika tituna suna zanga-zangar ƙin SAP, aka rasa rayuka.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, an tambayi ma'aikata ko a ci bashi, amma ranar da ake rubuta sharuɗɗan SAP ba su cikin ɗakin. Shi ya sa da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan aka kira NLC teburin tattaunawa daga baya, manya suka ce sun taɓa ganin irin wannan.

Don haka duk lokacin da muka ji an ce "an tuntuɓi 'yan ƙwadago", mu tambaya: kafin a yanke hukunci ne ko bayan an yanke? Kuma a kan wace tambaya?

Ku tambayi iyayenku yadda SAP ta same su, ku rubuto mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.