Raƙumi ko Giwa: Zaɓen da Aka Ba Talakan Damargu a 1958

Ranar Lahadi 28 ga Satumba 1958 ta faɗo ne a bakin kaka. A ƙasar Damargu, daga Tanut zuwa Gangara, daga Olelewa zuwa Tarka inda Belbeji take, gero ya nuna, hankalin manomi yana gona, makiyayi kuma bai gama gangarowa daga arewa ba. A ranar ce Faransa ta ce kowa ya fito ya amsa tambaya guda: Nijar ta zauna cikin tarayyar da Janar De Gaulle ya tsara, ko ta kama gabanta nan take? Jam'iyyu biyu ne suka raba amsar. PPN-RDA ta Diori Hamani, mai alamar giwa, ta ce "I". Sawaba ta Djibo Bakary, mai alamar raƙumi, ta ce "A'a".

Sai dai akwai mutumin da tambayar ba ta taɓa inda yake masa ƙaiƙayi ba. Ba kujera yake nema ba, ba albashi ba. Abin da yake so kawai shi ne hukuma ta sassauta masa wuya.

Damargu rumbun Azbin ce tun fil azal. Nan ayarin Abzinawa ke auna gero su kai duwatsun arewa, su kai Bilma su musanya da gishiri da dabino. Kafin zuwan Nasara manomi yana ba da gaisuwa ga manyan Abzinawan da ke riƙe da ƙasar, amma idan abin ya yi nauyi sai ya kwashe iyali ya sake mazauni. Bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899 suka juyo kan Damargu, suka zo da abin da ba a sani ba a da: takardar ƙidaya. Wanda aka rubuta sunansa ya shiga hannu. Kawusan, wanda ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, haifaffen Damargu ne, kuma kwasar raƙuma da gero da sojan Faransa ke yi tana cikin abin da ya hura wutar tawayensa.

Kaya huɗu ne suka fi danne talaka. Akwai lanho, harajin kai, wanda ake biya da kuɗi ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Akwai jangali a kan kowace dabba. Akwai aikin dole, na hanya da ginin bariki da ɗaukar kaya. Sannan akwai rumbun tsimi, wanda aka tsananta bayan yunwar 1931: a tilasta wa magidanci ya zuba geronsa a rumbun da ba ya da ikon buɗewa sai da izinin kwamanda. Dokar da Houphouët-Boigny ya kai majalisar Faransa ta kashe aikin dole a Afrilu 1946, amma lanho da jangali suna nan daram. A 1956 wata doka ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a. Ga ƙuri'a a hannu, to wa za a ba?

Diori da Djibo 'yan uwa ne, dukansu haifaffun Sudure kusa da Yamai, dukansu malaman makaranta da suka yi karatu a William Ponty ta Sanigal. A PPN ɗaya suka faro, wadda aka kafa a 1946, kafin su raba gari, Djibo ya kafa tasa a 1954. Jam'iyyar giwa ta malaman ofis ce da malaman makaranta, mutanen da albashinsu daga lanho yake fitowa. Jam'iyyar raƙumi ta direbobi ce da yaran mota da mahauta da teloli da ƙananan 'yan kasuwa, tana da ƙarfi a Damagaram da Tasawa da Maraɗi, kuma sunanta ma ɗaya ne da kirarin NEPU ta Kano. Bakinta ya fi kusa da kunnen talaka, domin tana zagin zaluncin sarakai a fili. Amma Djibo ɗan ƙungiyar ƙwadago ne mai ra'ayin gurguzu. Bai yi alkawarin rage hukuma ba. Burinsa hukuma ta ƙara ƙarfi ta riƙe ragamar arziki, sai dai ta zama ta talaka. Ke nan duka biyun gardamarsu a kan wanda zai riƙe sandar ce, ba a kan nauyinta ba.

Ko sarki ma bai zama alƙibla ba. Mai tsanar lanho zai iya cewa, bari in duba inda sarki ya tsaya, tun da shi ke tarawa yana samun kasonsa, sai in tsaya ɗaya gefen. To a zaɓen Maris 1957 sarakai da yawa raƙumi suka hau, domin jam'iyyarsu ta BNA ta haɗe da ta Djibo a 1956. Haɗakar ta ci kujeru 41 cikin 60, PPN ta samu 19, Djibo ya shugabanci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa. Da gwamnatinsa ta fara tuɓe wasu sarakai, sannan ya ce "A'a" ga De Gaulle, sai rawunan suka sauka daga raƙumi suka koma bayan giwa, sabon gwamna Colombani yana yi musu jagora. Cikin wata goma sha takwas mai karɓar haraji ya sauya sheƙa, harajin kuwa bai motsa ba.

Hanya uku ta rage. Wani ya ce gara raƙumi, ko ba komai ya taɓa rawani. Wani ya ce gara giwa, domin wanda ya saɓa wa sarki da kwamanda shi za a fara zuwa wa da takardar lanho, ga kuma soja da aka baza a ƙasa. Na uku ya ce wannan zaɓen tumun dare ne, ya ɗauki magirbi ya nufi gona. A faɗin Nijar "I" ta samu ƙuri'a kusan 372,000, "A'a" kusan 102,000, alhali masu rajista sun kai miliyan 1.3. Fiye da kashi 60 cikin ɗari ba su fito ba. Wasu nisa ya hana su, wasu aiki, wasu tsoro, amma ko ta yaya aka lissafa, waɗanda suka yi shiru sun fi raƙumi da giwa yawa a haɗe.

Djibo ya sauka a Oktoba 1958, Diori ya hau a Disamba, aka haramta Sawaba a Oktoba 1959. Ranar 3 ga Agusta 1960 ƙasa ta samu 'yanci da jam'iyya ɗaya tilo. Lanho ya ƙaru, aka kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin gyaɗa, aka kafa OPVN a 1970 ta shiga cinikin hatsi. Da farin farkon shekarun 1970 ya cinye garke da rumbu, ba a daina bin mutane haraji ba, da yawa suka tsallaka Najeriya.

Sassaucin ya zo ta ƙofar da ba a zata ba. Seyni Kountché, sojan da ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974, wanda babu wanda ya zaɓe shi, shi ne ya sauke jangali, daga baya ya soke lanhon gwamnati, domin kuɗin uraniyom na Arlit ya cike gurbin. A ƙetaren iyaka kuwa ƙaramar jam'iyya ce ta yi aikin. PRP ta Malam Aminu Kano jiha biyu kacal ta ci cikin 19 a 1979, amma Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Da a ce jam'iyyu biyu kaɗai aka yarje wa a lokacin, kamar SDP da NRC da Janar Babangida ya ƙirƙira a 1989, da wannan ƙofar ba ta samu ba. Haka abin yake har a Amurka, inda jam'iyyar masu son gwamnati ta taƙaita hannunta, wadda aka kafa a 1971, mafi yawan abin da ta taɓa samu a zaɓen shugaban ƙasa shi ne kashi 3 da ɗoriya a 2016. Sauran masu ra'ayin suna toshe hanci su zaɓi ɗaya daga manyan biyun.

Yau Belbeji gunduma ce mai cin gashin kanta, tun da aka cire ta daga Tanut a 2011, kuma jikokin masu girbin 1958 sun ga zaɓuɓɓuka masu tarin jam'iyyu. Amma abin da kakanninsu suka gani da ido bai tsufa ba. Wanda ya zaɓi raƙumi ya sha kaye, wanda ya zaɓi giwa ya samu hukumar da ta fi ta da nauyi, wanda kuma ya zauna a gona ba a ƙirga shi a rumfar zaɓe ba. Bayan kaka ne aka ƙirga shi, ranar da mai karɓar lanho ya yi sallama a ƙofar gidansa.