Yazi Dogo, malamin lakwal kuma ɗan wasan kwaikwayo

An haifi Yazi Dogo a Dogon Dutsi a shekarar 1942, amma a Damagaram sunansa ya fito. Can ya koyar da ƴan lakwal, can kuma ya shiga sahun ƴan wasan da gidan rediyo da talabijin na ƙasa, ORTN, ya riƙa watsa wasanninsu da harshen Hausa. Zamanin mulkin Seyni Kountché, lokacin da gasar samariya ke tashe, daga Yamai har garuruwa irin su Dakoro an san shi.

Yadda suke aiki ne ya bambanta su. Ba sa haddace rubutaccen wasa. Sukan zauna su tsara ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, sauran magana kuwa sai a fili, kowa da abin da ya zo bakinsa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne: dole ɗan wasa ya san yadda alhaji ke magana, da yadda ma'aikacin gwamnati ke cusa Faransanci cikin Hausarsa don burga. Da irin wannan raha suka taɓo cin hanci, auren dole da almubazzarancin biki, a lokacin da faɗar su kai tsaye ke da wuya.

Daga baya ya koma Yamai, inda ya koyar da matasa wasan kwaikwayo. Tunda wasannin ba a rubuce suke ba, abin da ya rage daga cikinsu yana kasakasan ORTN da kuma kawunan almajiransa.