Baƙo a Gidan Aurensa: Tarihin Takardar Zama da Zama Ɗan Ƙasa a Nijeriya

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai ya kama gabansa. Amma akwai baƙon da aure ya zaunar, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa a garin surukansa. Yadda dokar Nijeriya ke kallon irin wannan baƙo ya dogara ga abu guda: mace ce ko namiji. Wannan bambanci yana da tarihi, kuma tushensa yana Ingila.

A shekarar 1870 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar da ta ɗauki matar aure a matsayin 'yar ƙasar da mijinta ya fito. Baturiyar da ta auri Bafaranshe ta rasa ƙasarta ke nan, baƙuwar da ta auri Bature kuwa ta samu. A 1948 aka sassauta: aure ya daina raba mace da ƙasarta, aka kuma ba baƙuwar da ta auri ɗan ƙasa damar yin rajista. Baƙon da ya auri 'yar ƙasa bai samu wannan dama ba. Wannan tsari Nijeriya ta gada da ta samu 'yancin kai a 1960, ya bi ta cikin tsarin mulkin 1963 da na 1979, har ya iso na 1999.

Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba macen da ta auri ɗan Nijeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Mijin 'yar Nijeriya kuwa sai ya bi sashe na 27 kamar kowane baƙo, wanda ya shar'anta zaman shekara 15 a ƙasar kafin a saurari buƙatarsa. Kafin cikar wa'adin, izinin hukumar shige da fice ne kaɗai madogararsa. Abin lura shi ne, sashe na 42 na kundin ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi, ga shi kuwa 'yar Nijeriya ba ta iya ba mijinta abin da ɗan'uwanta ke ba matarsa.

Wani zai ce takardar zama ta wadatar. Tarihin Afirka ta Yamma ya nuna rauninta. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, umarnin da ya taɓa Yarabawa da Hausawan zango waɗanda suka yi aure suka hayayyafa a can. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi makamancin haka, fiye da mutum miliyan ɗaya suka bar Nijeriya, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 da ta yarda a shiga ƙasa babu biza har kwana 90. Takardar zama izini ce da gwamnati ke bayarwa, tana iya tsananta sharuɗɗanta ko ta ƙi sabunta ta ranar da iskar siyasa ta juya. Ɗan ƙasa kuwa ba a korarsa daga ƙasarsa.

Waɗanda aka yi gadon daga wurinsu sun daɗe da sauka daga wannan hanya. Dokar Birtaniya ta 1981, wadda ta fara aiki a 1983, ta daidaita miji da mata a wannan fage. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta gyara dokarta a 2014, ta ba 'yar ƙasa ikon sama wa baƙon mijinta zama ɗan ƙasa.

A Nijeriya an yi yunƙuri. Tsarin biza na 2020 ya ware rukunin zama na dindindin ga wanda ke aure da ɗan ƙasa, matakin da ya rage wahalar sabuntawa amma bai taɓa sashe na 26 ba. Ranar 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurin gyara sashen. Mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa, har majalisar wakilai ta janye matsayinta ranar 8 ga watan. Duk da haka, gyare-gyaren da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ba su haɗa da wannan ba.

Masu adawa da gyaran kan kawo fargabar auren bogi don neman takarda. Fargabar tana da tushe, sai dai ta shafi jinsin biyu, kuma maganinta bincike ne da ƙayyade shekarun zaman aure. Abin da ake karewa da sunan al'ada a sashe na 26, asalinsa dokar Landan ce ta 1870, kuma wadda ke ɗauke da nauyinta a yau 'yar Nijeriya ce da mijinta ke zaman baƙunci a ɗakin aurensa.