Gajeren Labari: Ɗan Hayar Da Ya Daɗe a Gidan Adabinmu

 

Idan aka tambaye mu dalilin da ya sa muke rubuta gajeren labari, yawancinmu amsa biyu muke bayarwa: ko dai gasa ta zo, ko kuwa muna koyon hannu kafin mu shiga dogon littafi. Amsoshin nan ba ƙarya ba ne, amma ba su cika ba. Bari mu waiwayi tarihi, mu ga abin da ya riƙa kai magabatanmu ga gajeren zance.

Kafin boko muna da tatsuniya. Dare ke yanke mata tsawo, domin dole Gizo ya gama ta'asarsa a kai ga ƙurunƙus kafin barci ya kwashe yara. Turawan farko da suka tattara adabinmu irin wannan suka tarar. Schön ya fitar da Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyi cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913. A ƙasar da ake kira Gana a yau kuma, Malam Shaihu ya rubuta wa Rattray labarai da ajami, aka buga su a 1913. Ashe tun farko kunnen Bahaushe da gajeren labari ya saba.

Wannan sabo ne ya sa gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, ta zo da baƙon abu: dogon ƙagaggen labari a rubuce. Daga ita muka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. To amma mu sake duba Ruwan Bagaja da kyau. Kusan kowace haɗuwar Alhaji da Malam Zurƙe labari ce mai kai da ƙafa, an dai jera su ne a zare ɗaya kamar carbi.

Da hukuma ta buƙaci littafin karatu na 'yan makaranta, sai aka koma ga gajere kai tsaye. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi 3 tsakanin 1937 da 1939, ɗauke da labarai sama da 80. Dalilin a fili yake: malami na son abin da za a karanta a ƙare kafin a buga ƙararrawa. Sai dai Imam bai ɗauki ƙarancin fili a matsayin tawaya ba. A littafi na ɗaya, aku yana ba Musa labarai ne don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari da aikinsa, in bai riƙe yaron ba rai zai salwanta. Wannan darasi ne gare mu har gobe.

Daga nan gajeren rubutu ya yi ta sauya masauki. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, kuma shafin jarida ba ya ɗaukar shimfiɗa mai tsawo. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai domin manyan da suka fara haɗa baƙi, waɗanda in aka miƙa musu shafi 200 za su gudu.

Sai kasuwa ta juya. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, aka sami abin da ake kira Adabin Kasuwar Kano. A nan tsawo shi ne riba. Labari ɗaya a raba shi na 1 da na 2 da na 3, a yanke daidai inda zuciyar mai karatu ta tsinke, dole ya dawo ya saya ko ya karɓi haya. Gajeren labari kuwa ba ya barin bashi, don haka ɗan kasuwa bai ga abin da zai ci a jikinsa ba. Tsarin nan ne ya biyo mu har WhatsApp da Wattpad, inda ake sakin shafi kullum ana jan labari wata da watanni.

Wanda ya sake buɗe wa gajeren labari ƙofa da ƙarfi shi ne Sashen Hausa na BBC, da gasar Hikayata ta mata zalla a 2016. An sa iyaka, kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma ana karanta zaɓaɓɓun labarai a rediyo. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashewa da labarin Sansani, kan rayuwar 'yan gudun hijira. A 2020 Maryam Umar ta yi nasara da Rai da Cuta, kan annobar korona tun tana ci. Mu lura da wannan: dogon littafi sai ƙura ta lafa yake isowa, gajere kuwa yana iya magana ana tsakiyar abin. Kuma matar da aikin gida bai bar mata sararin shafi 300 ba, tana iya kammala shafi 5 masu nauyi.

Idan muka haɗa tarihin nan, abu ɗaya ke fitowa. Kullum wani ne ke yanka wa gajeren labarinmu ɗaki: makaranta, jarida, rediyo, gasa. Ɗan haya ne, ran da mai gida ya rufe ƙofa sai ya kwana a waje. Shi ya sa da an rufe karɓar labaran gasa sai alƙaluma su yi tsit sai baɗi, kuma a kan teburin mai sayar da littattafai sai an tona kafin a ga kundin gajerun labarai na marubuci ɗaya.

Gyaran yana hannunmu. Mu daina jiran sanarwa kafin mu rubuta. Mu haɗa kai mutum goma, kowa ya kawo ɗaya, a tace, a fitar da kundi. Sannan kafin mu fara kowane labari, mu tambayi kanmu: abin nan da ke cin raina, rana ɗaya ce a rayuwar mutum ɗaya, ko rayuwa ce sukutum? In rana ɗaya ce, kada mu tsinka ta da ruwa don ta cika littafi uku. In rayuwa ce, kada mu matse ta don ta shiga ƙa'idar gasa. Kowane allazi da nasa amanu.

Tambayar mako: wane labari ne a cikin ajiyarmu muka ja shi da tsawo, alhali gajere ne? Mu faɗi gaskiya, mu tattauna.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.